Baƙar Leda Ta Sauka Daga Ƙusa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, baƙi wuluk irin launin mamaciyar, Malam Sadisu mai shagon kayan masarufi na hanyar tasha, nan Birnin Gwari, yana sanar da 'yan uwa da abokan ciniki, da masu zaman bencin ƙofar shago waɗanda ba su taɓa sayen ko ashana ba, rasuwar abokiyar aikinsa, Baƙar Leda. Ta rasu wata Talata da hantsi, a kan ƙusar da take rataye a gefen sikeli, bayan shekara ashirin da biyu tana aiki ba hutu. Ba ta bar wasiyya ba. Shara ta bari.

Ana neman afuwar jama'a saboda jinkirin wannan sanarwa. Mako uku ke nan da rasuwar. Mai shagon ya dakata ne ya ga ko za ta farfaɗo, don masu ilimi sun shaida masa cewa irinta ba sa mutuwa.

Marigayiya 'yar birni ce. Daga Kaduna take zuwa, bandir-bandir a bayan motar kaya, tun hanyar tana da daɗi har zuwa shekarun da direba sai ya yafe wa iyalinsa kafin ya hau ta. Ba a taɓa tare ta ba. Ko masu tare hanya sun san danginta sun yi yawa, ba wanda zai yi cigiyar guda. Ta zo ta tarar da ganyen kalgo da takardar buhun siminti da ƙwaryar tsofaffi suna riƙe da kasuwa, cikin damina biyu ta sallame su duka, ba ko sannu da aiki.

Mace ce marar ƙyama. Ta ɗauki sukari, ta ɗauki daddawa, ta ɗauki kwalbar kananzir da burodi a ciki ɗaya ba ta ce uffan ba, masu cin burodin ne suka yi ƙorafi. In hadari ya taso ita ce rigar hular manya, sai ka ga mutum mai mutunci yana tafe da leda a ka, yana amsa gaisuwa kamar ba komai. Ta rufe wayoyin 'yan acaba. Ta hura gawayin rabin matan unguwa, ta bar musu tari su riƙa tunawa da ita. Kyauta ake ba da ita, shi ya sa ba wanda ya taɓa ganin girmanta, har mai shago. Wanda ya sayi magi biyu sai ya ce a ƙara masa leda, a ƙara masa, ya fita ya saki ɗaya iska ta ɗauka kafin ya kai bakin titi.

Ba ta da yawan magana. Da safe Malam Sadisu yakan lashi yatsa ya murza bakinta, ta noƙe, ya sake lasa, ta noƙe, sai ya hura mata iska ta ce fuu, ya kaɗa ta ta ce fat. In an zuba mata kaya ta ce ƙwaras-ƙwaras har gida. Iyakar abin da ta faɗa a duniya ke nan, kuma Malam Sadisu ya halarci tarurruka da yawa da aka yi awa uku ba a faɗi abin da ya kai wannan ba.

Duk waɗannan ƙananan halaye ne. Babban halinta, wanda saboda shi ake wannan rubutu, shi ne rufin asiri. Baƙa ce, ba a ganin cikinta. Magidancin da ya sayi gwangwani ɗaya na garin kwaki da wanda ya sayi madara da ganyen shayi da kifin gwangwani, in sun fito leda iri ɗaya suke lilo da ita, tafiya iri ɗaya suke yi, gaisuwa iri ɗaya masu benci suke yi musu. Masu benci kuwa, Allah ya shirye su, sana'arsu ke nan daga safe har azahar, auna gidajen mutane da ido. Marigayiya ta hana su ciniki shekara ashirin da biyu.

Akwai wani dattijo. Ba za a faɗi sunansa ba, don faɗa cin amanar mamaciya ne. Duk mai son ya gane shi ya sani cewa dattawan da wannan siffa ta dace da su sun fi hamsin a garin nan, kuma wannan abin kunyarmu ne duka, ba abin hira ba. Manomi ne daga wani ƙauye can bayan Damari. Lokacin da Malam Sadisu yake saurayi, yana bin ƙauyuka a keke yana sayen hatsi, a zauren wannan dattijo yake sauka, bai kuma taɓa tashi ba sai tuwo ya zo masa wuya. Rumbu huɗu gare shi a wancan zamani. Yau gonar tana nan, wataƙila rumbunan ma suna nan, amma dajin ya samu wasu masu shi. Dattijon yana zaune a ɗaki biyu na aro a bayan gari, da matar marigayi ɗansa da jikoki uku.

Shekara huɗu, kowace Litinin da Alhamis, da an buɗe shago yakan zo ya yi sallama. Malam Sadisu ya ce, "Baba, ga saƙonka da aka bari." Dattijo ya ce, "To madalla, har ya iso?" Ya sa hannu a aljihu, ya fito da shi, su yi musabaha, tafi ba komai ya gamu da tafi ba komai. Sai ya ɗauki leda a ƙulle ya wuce ta gaban benci, kai a sama. Abin da ke ciki tsakanin mutum biyu ne da leda.

Ciwon ajali daga akuya ya faro. Furera, matar Malam Sadisu, tana da jar akuya wadda ta haifa mata tagwaye sau uku, wadda kuma a lissafin mutunci na gidan take gaba da mai gidan da ɗan tazara. Akuya ta daina cin dusa. Ciki ya kumbura, ƙashin baya ya fito. Aka ba ta kanwa, aka ba ta jiƙo, aka kira mai allura. Da ta kwanta ta ƙi tashi aka kira mahauci kafin a yi asara biyu. Ya farke tumbi, ya sa hannu, ya zaro wani baƙin dunƙule ya kai kabewa. Ya ɗaga shi ya juya, ya ce, "Malam, wannan ai kayan shagonka ne. A mayar maka?"

Furera ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce, "Malam, shekara nawa ina share abar nan a tsakar gida ban yi magana ba. Yau ta ci min akuya." Malam Sadisu ya yi ƙoƙarin nuna cewa bisa shaidar da ke ƙasa, akuyar ce ta ci ta. Kwana uku miyarsa ba gishiri, a gidan mai sayar da gishiri.

Ba a gama wannan ba aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Kwatar ƙofar shago ta toshe, ruwa ya yi sallama ya shigo, ya zauna a gindin buhun sukari. Da aka sa shebur aka tona kwatar, marigayiya ce kwance ita da dangi, sun rungumi juna, ko ɗaya ba ta ruɓe ba.

A wannan hali Bushira, babbar 'yar gidan, ta dawo daga karatu a Zariya da takardar shaida a kan kula da muhalli. Muhalli dai, a iyakar sanin Malam Sadisu, shi ne inda mutum yake kwana, kuma rabin masu shigowa shagon daji ya raba su da nasu. Ashe a Zariya kalmar ta yi ƙiba, ta haɗa da kwata da akuya da iska da jikokin da ba a haifa ba. Bushira ta ce, "Baba, kula da muhalli ba ranar taro ake yin sa ba. A cikin aikin kullum yake, kamar share shago." Uwarta ta ce, "Gaya masa dai." Aka kaɗa ƙuri'a, biyu da ɗaya, kuma ɗayan shi ne mai shagon.

Daga nan aka shiga gyara. Mai son man gyaɗa ya zo da kwalbarsa. Ruɓaɓɓen tumatir da ɓawon albasa, waɗanda tun kakanni ake watsawa bayan shago, aka yi musu durom na musamman ana kiran su taki, har manoman Kazage suna zuwa ɗiba suna godiya. Kwalaye aka daina ƙonawa, ana ninke su kamar kayan lefe. Aka hau rufi aka shimfiɗa sola, janareta ya koma lungu yana jiran tasa sanarwar. Malam Sadisu ya raina kowane ɗaya daga cikin waɗannan, ya faɗa a gaban shaidu cewa ba za su yi aiki ba, suka kuma yi aiki ɗaya bayan ɗaya don su ci masa mutunci.

Ranar Talatar, Bushira ta miƙa hannu ta sauke rabin bandir ɗin da ya rage a ƙusa. Marigayiya ta ce ƙwaras, sau ɗaya. Malam Sadisu yana tsaye, mai shago, mai gida, mai furfura a gemu. Ya buɗe baki, ya tuna akuya, ya rufe.

Wadda aka naɗa a gurbinta jakar buhun albasa ce. Shagon yana tara irin buhunan nan jajaye masu raga, Bushira ta kwashe su ta kai wa Andrawus tela, maƙwabcin shago, ya yanka ya sa musu hannu. Ana wanke ta, ana dawowa da ita, ba ta toshe kwata, akuya ba ta sha'awarta. Aibinta ɗaya ne, ido dubu gare ta kuma duk a buɗe. Masu benci suka shiga kakar girbinsu. Wani babban ma'aikaci da aka shekara ana zaton kifin gwangwani yake kai wa gida, aka gano garin kwaki ne da ƙuli-ƙuli. Wani kuma da ya sayi babbar madara sai ya bar gajeriyar hanya ya zaga ta kasuwa.

Alhamis ta zo, dattijo ya zo. Ya yi sallama ya dubi ƙusa, ba komai. Ya dubi jar jakar da ke kan tebur, mudun masara da magi da sabulu suna leƙowa ta kowace kafa. Ya waiga ya dubi benci. Manomin da ya ciyar da rabin ƙauye, a gan shi da masarar shago a raga, alhali kowa ya san ba shi da abin saye. Saƙon da ake ganin cikinsa ya tashi daga saƙo. Malam Sadisu ya ce, "Baba, saƙonka." Dattijo ya ce, "A'a Sadisu, yau gaisuwa kawai ta kawo ni. Mai saƙon ya ce ya daina aikowa." Ya juya ya tafi, kai a sama, hannu ba komai.

Litinin bai zo ba. Alhamis bai zo ba. Malam Sadisu ya ɗaura kwalin abinci a bayan mashin ya bi shi gida da rana tsaka, wanda shi ne wauta ta biyu bayan ta jar jaka, don ya isa ya tarar da maƙwabta a inuwa kowa da ido biyu. Dattijo ya fito ya tare shi a ƙofa. Ya ce, "An gode, Sadisu. Akwai abinci, ka kai wa mabuƙata." Ta gefen kafaɗarsa Malam Sadisu ya hango murhu. Ba hayaƙi, ba sabuwar toka. Ya juya da kwalinsa ya dawo.

Nan fa mai shago ya koma ɓarawo a shagonsa. Ya zari leda uku daga ragowar bandir ɗin da aka ajiye, ya ninke ya cusa cikin hula, da niyyar ya san yadda zai yi. Da la'asar ya sunkuya zai ja buhun wake. Wadda ta rufa asirin gari guda shekara ashirin da biyu ta kasa rufa nata. Ta ce ƙwaras. Ya miƙe, ta sake cewa ƙwaras. Bushira ta ɗago daga inda take jera sabulu ta ce, "Baba, hularka tana magana."

Aka kai ƙara gida. Malam Sadisu ya zauna a tabarma, leda uku a gabansa a matsayin shaida, ya ƙi cewa komai, yana jin kansa jarumi. Furera tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, shekara huɗu kana auna masara kana ƙullewa duk Litinin da Alhamis tun kafin mai saye ya zo. Ka ɗauka makauniya aka ba ka?" Ta zubar da tsakuwa ta ce, "Ku biyun nan kowa da iliminsa, ba mai hankali. Tsohon nan ba ledar yake nema ba. Baƙin yake nema."

Bushira ta dubi ledojin da ke gaban uban. Sannan ta ce, "Baba, ai da ka gaya min." Ya ce, "Da na gaya miki ai ya zama labari." Wannan ita ce magana ɗaya mai ma'ana da ya yi a duk watan, shi ya sa aka rubuta ta.

Washegari Bushira ta kwashe ƙyallayen da Andrawus yake sharewa ya ƙone, ta haɗa da tsofaffin zannuwan uwarta. Furera ta dafa baƙin rini a tsohuwar tukunya ta tsoma su. Andrawus ya hau keken ɗinki yana haɗawa yana girgiza kai. Ya ce, "Malam Sadisu, shekara talatin ina ɗinki, na yi wa amare na yi wa 'yan makaranta, ban taɓa ɗinka wa magi rigar takaba ba." Aka samu jaka baƙa ƙirin, mai kauri, mai zariya a baki, in an zuge ko mai benci na sahun farko ba zai san masara ce ko madara ba. Karatun Zariya dai ya zo ya tsaya a kan zariya. Jakar ba ta cewa ƙwaras. Malam Sadisu ya duba ta ciki da bai yana neman aibi, bai samu ba, abin ya ɓata masa rai ƙwarai.

Saura abu ɗaya. Dattijo ya riga ya ce mai saƙo ya daina aikowa, kuma irinsu ba sa janye maganarsu don an ɗinka jaka.

Marigayiya ta rasu ta bar ƙannenta biyu, Farar Leda ta ƙullin gishiri da Ledar Fiya Wata ta ruwan sha, dukansu suna nan da ƙarfinsu a wasu shagunan. Ta bar 'ya'ya da ba sa ƙirguwa. Wasu suna rataye a rassan mangwaro da ɗorawa suna far-far kamar tutar wani abin alfahari. Wasu suna kwance a gonaki suna jiran garma. Wasu suna cikin kwata, wasu a bakin rafi, wasu a tumbin shanun da masu su ba su sani ba tukuna. Da yawa sun shige dajin da mutane masu gona a ciki ba sa iya shiga, ba rakiya ba izini, suka zauna lafiya. Bushira ta ce dukansu za su ga bayan mai shago, da bayan Bushira, da bayan jikokinta. Ana taya zuri'ar murnar tsawon rai, ana kuma roƙonsu su daina ziyara.

Game da jana'iza, ga abin da aka tsayar. Ba za a yi mata salla ba, liman ya riga ya ja kunne tun kafin a tambaye shi. Ba za a binne ta ba, don ƙasa ba ta karɓarta, mai noma zai tono ta baɗi yadda aka sa ta. Ba za a ƙone ta ba, Bushira ta yi bayanin hayaƙin har sai da shayi ya huce. Ba za a kai ta rafi ba, can ma danginta sun cika wurin. An yanke cewa Furera za ta tufke ragowar bandir ɗin, har da ukun da aka kama a hula, ta yi igiyar shanya. A kanta za a riƙa shanya magajiyarta in an wanke. An ɗaure igiyar sama sosai, saboda an sayi sabuwar akuya.

Za a yi zaman makoki ranar Alhamis mai zuwa, da an buɗe shago. Kamar yadda aka saba a gidan rasuwa, duk wanda ya zo ta'aziyya ba ya komawa hannu sake. Kowa za a miƙa masa baƙar jaka ɗaya a zuge. Mai mota zai karɓa, mai unguwa zai karɓa, Andrawus zai karɓa, masu benci ma za su karɓa, su sami abin riƙewa ban da maganar mutane. Ba a buɗewa a wurin. Ba a ɗaga ta wani a ji nauyi. In wata ta fi wata nauyi, kuskuren ɗinki ne, a tuhumi tela. Jakar ba ta yarwa ba ce, ana dawowa da ita a sake cikawa, kuma an lura Litinin da Alhamis sun fi sauƙin layi.

Ana tunatar da dattawan da suka san marigayiya tun zuwanta garin nan cewa ƙin zuwa gaisuwar rasuwa ba halin manya ba ne, musamman in mai makokin yaro ne da ya sha cin tuwo a zaurensu. An shimfiɗa tabarma daga ciki, hannun dama, nesa da benci. Malam Sadisu zai zauna a kai tun buɗe shago, ba kuma zai tashi ba sai ya karɓi gaisuwar da yake jira.

Akwai jaka ɗaya da aka rataye a ƙusa, gefen sikeli. Kada kowa ya taɓa ta. Saƙo ne, kuma ya iso.